Tsaya-Tukuna da Butar da Ta Ƙi Amsawa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake ɗaga ƙofar gareji. Ba ya taɓa mota sai ya share ƙasa, ya goge teburi, ya jera kayan aikinsa a kan wani tsohon tawul, kowanne a gurbinsa. Daga nan ya ɗauko na'urar nan da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari don a karanta damuwarta, wadda jama'a ke kira kwamfuta, ya hure bakinta, ya ajiye ta can ƙarshen teburi. Ita ce ta ƙarshe da hannunsa ke kaiwa gare ta. Ya ce wanda ya fara da kwamfuta, kwamfutar ce mai gareji, shi ɗan rakiya ne.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Mai gyaran wayar mota ne, abin da direbobi ke kira rewaya. Sunansa na gaskiya ina jin yana kan takardar hayar shago. A titin nan kuwa Tsaya-Tukuna ake ce masa, domin da wannan kalma yake tarbar kowa. Ka shigo a guje kana cewa fitila ta kawo a allon gaban mota, a kashe maka ita ka wuce, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Tsaya tukuna. Wane launi ce?"

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Na zauna a tarukan karramawa da yawa, na tafa wa mutanen da, da an bincika, sammaci ya kamata a miƙa musu ba lambar yabo ba. Tun da matata ta rasu abin ya ƙaru, har 'yata ta ce ko zuma aka ba ni sai na nemo ɗacinta. Don haka idan na ce mutumin nan ya cancanci jinjina, ku karɓa daga bakin wanda ya daɗe yana neman aibinsa bai samu ba.

Karatun da yake ba direbobi ba shi da tsawo. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, fitilarka na kunne, siginarka na aiki. Rawaya cewa take akwai magana, ka zo a zauna kafin mako ya fita. Ja ba ta shawara da kowa: ka gangara gefen titi ka kashe inji, ko da jirgi ne zai tashi ya bar ka. Yakan ƙara da cewa rawayar nan mai siffar inji, in ta tsaya cak tana da sauran haƙuri, in kuwa ta fara ƙifta ido haƙurin ya ƙare, ka ɗauke ta a matsayin ja.

Amma abin da aka fi saninsa da shi wani ɗan aiki ne da ba ya cin minti ɗaya. Kowace mota aka kawo, sai ya zauna a kujerar direba ya murɗa makulli rabi, ba tare da ya ta da inji ba. A daidai wannan lokacin duk fitilun allo kan kunna tare na ɗan lokaci, don su nuna suna da rai. Shi kuma ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya: batir, birki, inji, zafi, jakar iska ta kariya a haɗari, da wata mai siffar buta. Matata ta yi shekara ashirin da bakwai tana koyar da lissafi, ita ta raɗa wa abin suna kiran rajista. Ta ce a aji ba mai surutu ke ba ta tsoro ba, wanda aka kira bai amsa ba shi ke hana ta sukuni. Tsaya-Tukuna ya karɓi sunan, har yau da shi yake aiki.

Mai facin taya da ke jikin garejinsa ya ba ni labarin wani dillalin motoci da ya taɓa kawo motoci uku a rana ɗaya, kowacce da fitilarta a kunne. Ya ja Tsaya-Tukuna gefe ya ce, "Oga, ni ba gyara nake nema ba. A cire ƙwan fitilun kawai. Shiru nake so."

"Shiru ai yana nan da yawa a maƙabarta," in ji shi. "Wanda zai sayi motar nan da iyalinsa zai hau."

Dillalin ya kwashe motocinsa, ya kuma kwashe sauran dillalan layin gaba ɗaya zuwa wani garejin da ba a yawan tambaya. Mai faci ya ce ya zuba ido ya ga ko mutumin zai rame. Bai rame ba.

Direban motar wata makaranta kuma ya ce shi sai da aka canza masa sensa, 'yar na'urar da ke kai rahoton halin inji, sau uku a gareji uku, rawayar inji tana tafiya tana dawowa. Kowanne ya soka kwamfuta, ya ga lamba, ya ce sensa ne. Da ya zo nan, Tsaya-Tukuna ya saurari injin tukuna, ya tambaye shi yaushe fitilar ke kawowa, da safe ko in mota ta yi zafi, sannan ya soka tasa kwamfutar. Lambar dai ita ce, P0171.

"Lambar nan ba ta ce sensa ya lalace ba," ya ce masa. "Cewa ta yi sensa ya ga iska ta yi wa mai yawa. Shaida ne shi. Sau uku kuna kama shaida kuna ɗaurewa, ɓarawo na yawo a gari."

Ya ɗauki guntun tiyo ya kara a kunne, ya bi bayan injin da ɗaya bakin yana sauraro, har ya ji inda iska ke tsotsa. Wata 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta tsage. Direban ya ce tun ranar fitilar ba ta sake gaishe shi ba.

Tsaya-Tukuna, kai ne ka koya wa titin nan cewa goge daban, gyara daban. Kowa na iya danna maɓalli lamba ta ɓace, mai mota ya tafi yana murna, matsalarsa na zaune a ƙarƙashin bonet tana jiransa. Kai ne ka ƙi. An zage ka a kan haka, an ce kana da taurin kai, an ce kana ja wa mutane aiki. Ba ka taɓa ɗaga murya ba, ba ka kuma taɓa dannawa ba sai bayan ka gano abin da ya sa fitilar kuka.

Wannan duk ji na yi. Ga wanda na gani da idona.

Matata ta bar wata ƙaramar mota mai ruwan toka. Shekara uku bayan rasuwarta motar na ƙarƙashin rumfa. Kullum da safe nakan ta da ita, ta yi minti biyar tana kuka, in kashe. Ban juye mata baƙin mai ba ko sau ɗaya, don a lissafina motar da ba ta tafiya ba ta cin mai. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ban da ɗan littafin da ke cikin aljihun motar.

Sai 'yata ta sami aiki a wani gari, tafiyar awa huɗu. Na ba ta motar. Aka shirya za ta tuƙa da kanta da yaranta biyu, mijinta ya biyo baya da motar kaya. Surukin nawa mutumin kirki ne, yana da digiri biyu, sai dai ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Shi ya karɓi motar kwana biyu kafin tafiya don ya ga lafiyarta.

Ranar tafiya da safe, an loda jakunkuna, yara sun zauna a baya, na ce a biya ta garejin Tsaya-Tukuna.

"Baba, ai an riga an duba ta," in ji surukina.

Na ce matata ba ta taɓa hawa babbar hanya ba ta biya ta can ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Tsaya-Tukuna na ganin motar ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ɗora tafinsa a kan bonet ya ce, "Allah ya jiƙan Malama." Ya shiga, ya murɗa makulli rabi, yatsansa ya fara bin allo. Sai yatsan ya tsaya. Ya kashe, ya sake murɗawa, ya sake bi.

"Buta ba ta amsa ba," ya ce.

"Ai an gyara ta, Baba," in ji surukina. "Shekaranjiya ta kawo ja, na cika mata ruwa."

"Ka cika mata me?"

"Ruwa. Lagireto har wuya. Da ta ƙi ɗaukewa na cika tankin goge gilashi ma."

Mai faci, wanda ya matso don gaisawa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Yallaɓai, me ya kai ka ga ruwa?"

"To ba buta ba ce? Me ake zubawa a buta?"

"A gidanku da gidanmu, ruwa," in ji Tsaya-Tukuna. "Amma wanda ya zana wannan bai taɓa leƙa banɗakinmu ba. Gwangwanin zuba baƙin mai ya zana. In ta kawo ja, cewa take mai ba ya kaiwa inda ya kamata, ƙarfe na cin ƙarfe."

Na so in yi dariya, sai na tuna ni ma da ruwan zan zuba.

Surukina ya ce ai daga baya ya kai ta wurin wani a bakin gidan mai, minti biyu ya gama, fitilar ba ta sake kawowa ba. Tsaya-Tukuna ya fito daga motar. Ya buɗe bonet, ya zura hannu can ƙasa, ya fito da wata waya tana reto, ba ta haɗe da komai.

"Ga gyaran naka. Toshe mata baki ya yi."

Ya zare makullin ya sa a aljihun rigarsa.

'Yata ta fito daga motar, ta nufi Tsaya-Tukuna. "Baba, don Allah. Gobe ƙarfe takwas zan kama aiki. In ban bayyana ba wani za a ba gurbin, shekara biyu ina neman wannan aikin. Motar fa lafiya lau take tafiya."

"Tana tafiya a cikin gari, 'yata, daga wannan kwana zuwa waccan. A babbar hanya ba za ki yi awa ɗaya ba injin zai buga. In ya buga kina tsakar wuce babbar mota, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, ga waɗannan biyun a baya. Aikin zan taimake ki ki kama. Makullin ne ba zan ba ki ba tukuna."

"Wannan ai irin tsoratarwar masu gareji ce," in ji surukina, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

A nan ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Da ni aka faɗa wa haka, da na ba shi amsar da zai kai gida ya ajiye. Tsaya-Tukuna bai yi musu ba. Ya zaro sandar gwada mai ya nuna mana: man yana nan cike, amma baƙi ƙirin, mai kauri kamar kwalta. Ya ɗaura agogon gwada ƙarfin mai a jikin injin, ya ta da motar na ɗan lokaci, ya kira surukina.

"Kai mai karatu ne, Yallaɓai. Ga inda allura ya kamata ta kai. Karanta mana inda take."

Allurar da ƙyar ta ɗaga kai daga sifiri. Surukina ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ban san wannan ba, Baba." Na so a ce akwai mai ɗaukar murya a wurin.

Aikin ƙasan inji ba na rewaya ba ne, kuma bai yi girman kan cewa nasa ne ba. Ya kira makaniken da ke ƙarshen layi, ya tsaya a kansa. Aka kwance kaskon da mai ke taruwa a ciki, aka ciro rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Ta toshe da dauɗa, sai wani ɗan gefe da ya rage.

"Malam, yaushe rabon a juye mata mai?" Tsaya-Tukuna ya tambaye ni.

Na ce tun mai ita na da rai.

"Mai ba da tafiya kaɗai yake tsufa ba, har da zama." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ga fuskata, bai ƙara ba.

Ana cikin wankin rariya, 'yata ta koma cikin motar don ta lallashi yara, ta sauke abin kare rana da ke saman gilashi. Wani ɗan kati ya faɗo mata a cinya. Rubutun uwarta ne, wannan tsayayyen rubutu na malaman lissafi. Ta karanta mana a fili: "Ja, tsaya. Rawaya, kai ta wurin Tsaya-Tukuna. Buta ba ta ruwa ba ce." An ja wa layin ƙarshe layi biyu a ƙasa.

Tsaya-Tukuna ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ita ma ruwan ta zuba, Malam. Shekara goma sha biyar ke nan. Ta ce in na gaya maka ba ni ba ita."

"Ashe ba ni kaɗai ba ne," in ji surukina, ya miƙe wuya kamar an ƙara masa digiri na uku.

Matata ba ta taɓa barin fitilar mota ta kwana biyu a kunne ba. Tata fitilar kuwa wata takwas tana kawowa, ciwon kai kullum, duk inda muka je sai a ba ta ƙwayar rage zafi a ce gajiya ce. An yi ta goge mata lamba, ba wanda ya ce tsaya tukuna. Ni ma ban ce ba. Wannan shi ne asalin ɗacin da 'yata ke magana, kuma shi ya sa mutumin da ya ƙi gogewa yake da girma a idona fiye da masu manyan takardu.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka rufe kasko, aka zuba sabon mai. Ya rage a mayar da wayar da aka cire, da wata kusa da ita da ta goge ta kusa tsinkewa. Tsaya-Tukuna ya riƙo su biyun, ya karkata su wajen hasken rana, ya matso da su, ya nesanta su. Sai ya kira 'yata.

"Zo nan, idonki sabo ne. Wacce ce ja, wacce ce ruwan ƙasa?"

Ta nuna masa. Ita ba ta ɗauki abin komai ba. Ni na lura, shi ma ya ga na lura.

Ya shiga ya murɗa makulli rabi. Batir, birki, inji, zafi, jakar iska. Buta ta kawo jajir. "Ta amsa," ya ce. Ya ta da injin, kafin a ƙirga uku ta ɗauke. Allurar agogo ta haye inda ya nuna tun farko ta tsaya.

"Kin gani? Ba kashe ta ake yi ba. Ita ke tafiya da kanta in an biya mata buƙata." Ya ciro makullin ya damƙa mata a hannu. "In ta sake kawowa a hanya, me za ki yi?"

"In tsaya, Baba."

"Me kuma ba za ki zuba ba?"

Ƙarfe biyu ta ɗau hanya. Rana ba ta faɗi ba ta kira ta ce sun isa, yara har sun fara faɗa a kan gado. Washegari ta kama aikinta.

Bayan mako uku na biya ta garejin na tarar yana naɗe wayoyi yana sakawa a kwali. Ya ce ya je wurin likitan ido.

Na ce, "Rawaya ce ko ja?"

"Ta daɗe tana rawaya, Malam, ina lallaɓawa. Ranar motar Malama ta fara ƙiftawa."

Na ce ai hannunsa ya san aikin ko da ido a rufe, ba wanda zai gane. Wannan shawara daga bakina ta fito, ni mai zagin masu gogewa. Ya dube ni ta saman tabarau kamar yadda yake duban masu gaggawa.

"Waya ɗaya in na juya a jakar iska ko a birki, wa zai hau motar? Shekara talatin da huɗu ina ce wa mutane ja ba ta shawara. Da ta zo kaina sai in nemi salatif in liƙe?"

Ƙarshen watan nan zai miƙa garejin ga wani da ya horar tun da daɗewa, mutum ne yanzu mai furfura a gemu. Na je na gan shi yana aiki. Ya murɗa makulli rabi kafin ya taɓa kwamfuta. Hankalina ya kwanta.

Tsaya-Tukuna, kai ne mai sauraron abin da ba ya magana. Ba a taɓa kiranka taro ba, ba a rataya maka komai a wuya ba, kuma akwai mutane da yawa da ke zaune cikin iyalinsu yau ba su san cewa wata safiya ka sa makullinsu a aljihu ka cece su ba. Jikokina biyu na cikinsu. Ni na sani, shi ya sa na rubuta.

Ku kuma masu gareji, da masu duba marasa lafiya, da duk wanda ake kawo wa ƙorafi a teburinsa: in abu ya yi kuka a gabanku, ku nemi dalilin kukan kafin ku nemi maɓallin kashe shi. Masu mota, gobe da safe ku murɗa makulli rabi, ku kira rajista. Wadda ta kawo ku tambayi launinta. Wadda ba ta amsa ba, ita za ku fi jin tsoro.

Tsaya-Tukuna, ka gama tsayar da mutane, yanzu kai ka tsaya. Ba a gefen titi ba, ba bayan inji ya buga ba, a ƙofar gidanka, da ƙafarka, a lokacin da fitila ta ce. Mun gode. Allah ya bar maka sauran hasken, ya sa ka ga jikokinka da shi. Sirrin Malama kuma da ka riƙe shekara goma sha biyar, na yafe muku ku biyun.